Wankan Jego a Gindin Dutse

Tun shekaranjiya ake ruwa a Dutse, irin na marka wanda ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta zuba kamar an manta da shi. Autata tana wurina a nan Takur, ta zo wankan haihuwarta ta fari. Da safe na kunna gas na ɗora mata ruwa, kafin in gama yanka albasa ya tafasa. Ta shiga banɗaki ta rufo ƙofa, ina jin ruwan yana bin bututu yana tafiya inda ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. A asibiti sun ce mata kada ya cika zafi, kunun kanwa kuma a rage. Na ce to. Ina tsaye ina sauraren bututun nan sai daminar da na yi nawa wankan na fari ta dawo mini, shekara talatin da 'yan kai ke nan.

Mu mutanen ƙasar Miga ne, wani ƙauye a bakin fadama. Ban daɗe da gama sakandare ba aka yi mini aure, kuma a daminar farko ta auren ruwa ya kwanta a gonar Malam, maigidana, har gero ya ruɓe a tsaye. Da kaka ta zo wasu suna ɗaure dami, mu muna kallo. Lokacin ba a jima da mai da Dutse babban birnin jiha ba, ana ta labarin gine-gine, ana cewa duk mai ƙarfin ɗaukar bulo ba zai kwana da yunwa ba. Malam ya fara zuwa shi kaɗai da sunan cirani. Da damina ta gabato ya ga ko irin shukawa babu, sai ya dawo ya ɗauke ni, ina da ciki.

Unguwar da muka sauka ba ta da suna a takarda. Mu dai Gindin Dutse muke ce mata, don a nan take, a ƙarƙashin wasu manyan duwatsu da suka hau kan juna. Filayen na mutanen da ke zaune a wasu garuruwa ne, sun saya sun ajiye. Namu na wani ɗan kasuwa ne a Kano, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Ya bar mutane su zauna don kada wurin ya zama kamar ba mai shi. Kowa ya gina ɗakinsa da hannunsa, ranar da mai fili ya tashi gini kuma kowa ya cire kwanon rufinsa ya ƙara gaba. Saboda haka ba wanda ya yi gini na zama. Tubalin ƙasa ne a kan ƙasa, babu harsashi, sai tsohon kwano da aka danne da duwatsu da tayar mota.

Ɗaki biyar ne a gidanmu, kowane ɗaki da iyalinsa. Makewayi ɗaya ne, ba rufi, buhu ne ƙofarsa, sai kin yi gyaran murya tun daga nesa. Lungun da ke fita titi kuwa, idan kina ɗauke da tire sai kin karkace, kuma a tsakiyarsa akwai wata kwata koriya da ba ta tafiya ko'ina. Amma ba cunkoson ne ya fi ba ni mamaki ba. Ranar da na ga an kasa ice kashi-kashi a bakin hanya kamar tumatir, dariya na yi, na zaci wasan yara ne. A garinmu ice fita ake a samo, ruwa kuma rijiya tana bayan gida. A nan duka biyun saye ake. Wanda ba ya iya sayen ruwa a wurin 'yan garuwa sai ya tafi famfon bakin titi ya bi layi.

Wadda ta fara kama hannuna a gidan ita ce Yaya Kulu. Mutuniyar ƙasar Buji ce, ta riga mu zuwa da shekaru, 'ya'yanta uku ƙanana, mijinta yana fasa dutse ana saye a tifa. Ita kuma kwaɗon rama take yi tana sayarwa a ƙofar gida. Bakinta ba ya hutawa, amma ita ta nuna mini mai icen da ba ya cuta, ita ta koya mini yadda ake wanke kwanuka da ruwa kofi uku. Ɗakinta ne na ƙarshe, bangonsa na baya shi ne bangon makewayi.

Na haihu a farkon marka, 'ya mace. Bisa al'ada gida ya kamata in tafi wanka, to gidan ma yana cikin ruwa. A shekarar kogi ya sake cikowa, mutanenmu suna zaune a ajin firamare, tabarma kusa da tabarma. Sai Gwaggo Tabawa, yayar babana, ta ce in ba zan iya zuwa wurin wanka ba, wanka zai zo wurina. Ta shiga kwalekwale, ta shiga motar kasuwa, ta iso kwana biyu bayan haihuwar da rabin duro a kanta, a cikinsa akwai damin ganyen runhu da kanwa da yaji. Da ƙyar duron ya wuce lungu.

Yaya Kulu ta taimaka ta sauke mata, tana cewa, “Sannu da hanya, Gwaggo. Wannan tukunya haka, biki za a yi?”

“Wanka za a yi.”

“A gidan nan?”

“A'a, a gidan gwamna,” in ji Gwaggo. Daga nan suka saba.

Gwaggo ba ta wasa da wanka. Tana da ƙanwa da ban taso na gani ba, wadda ta haihu a wata shekarar yunwa, aka yi mata wanka rabi da rabi, jikinta ya kumbura ta rasu ta bar jariri. Tun daga nan Gwaggo ta riƙe cewa mai jego ɗanya ce, sai an dafa ta safe da yamma har kwana arba'in, wanda ya rage ko ɗaya kuma da ranta yake wasa. Matan ƙauyenmu da yawa ita ta yi musu, ba ta taɓa rage wa kowa ba.

Ga yadda ranakun suke tafiya. Ana idar da sallar asuba Malam zai tafi famfo ya yi sawu-sawu har duron ya cika, sannan ya wuce neman aiki. Gwaggo ta haɗa murhu a ƙarƙashin wani guntun kwano, ta yi ta hura ɗanyen ice, hayaƙi ya cika gidan har yaran mutane su yi ta tari. Idan ruwa ya tafasa sai a jira kowa ya gama da makewayi, don in muka shiga mun daɗe. In zauna a kan turmin da aka kifar, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya. Sama yayyafi yana sauka, tururi yana tashi, tafin ƙafata yana cikin sanyin laka, bayana yana cikin wuta. Ina cije leɓe, don in na yi ƙara duk gidan za a ji, har maƙwabta. Da runhun da ta zo da shi ya ƙare sai ta koma darbejiya, ita kam akwai ta a bakin titi kyauta. Da la'asar a sake komai daga farko.

Ba a yi kwana uku ba magana ta taso. Ruwan duro guda, safe da yamma, yana fita ta ƙarƙashin buhun makewayi ya ratsa tsakar gida ya shiga lungu, ya tarar da kwatar nan da ba ta tafiya, ya tura ta ƙofar mutane. Wata mata daga gidan gaba ta leƙo ta ce ita ma ta haihu, ta san wanka, amma ba za ta riƙa tsallake ruwan jegon wata kafin ta shiga ɗakinta ba.

Gwaggo ta ce wannan mai sauƙi ne. A garinmu rami ake haƙawa a kusurwar makewayi, rairayi ya shanye ruwan, kafin ki ɗaura zani wurin ya tsotse. Ta ari fartanya ta shiga haƙa a jikin bango, inda ƙasa ta fi laushi. Ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba fartanya ta yi ƙara, ta tarar da falalen dutse. Ta faɗaɗa ramin ta bar shi haka. Da safe ramin zai cika, kafin la'asar ya ragu. Ruwa ya daina fita lungu, matar gidan gaba ta daina leƙowa, Gwaggo ta ce, “Kun gani? Ƙasa ko'ina ƙasa ce.” Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwan yake zuwa, tunda ƙasa dutse ne. Dukanmu mutanen rairayi ne.

Ranar suna abokan aikin Malam suka haɗa masa 'yar tunkiya, naman bai yi kwana uku ba. Daga nan marka ta kankama. Idan ana ruwa ba a kwaɓa siminti, idan ba a kwaɓa siminti lebura ba shi da aiki. Malam zai fita da safe ya dawo da azahar a jiƙe, hannu wofi, ko da ɗan gari a leda. Abin da aka samu a raba biyu, rabi abinci rabi ice, kuma in ɗaya zai ragu Gwaggo ta ce abinci ya ragu. Tuwon dawa muke ci da miyar kuka ba mai, wani lokaci kwaɗon tafasa, wadda matan gidan suke tsinkowa a tsakanin duwatsu. Kunun kanwana ya riƙa tsinkewa har ina hango gindin kwanon. Yunwar mai shayarwa daban take. Ba a ciki take tsayawa ba, har cikin ƙashi take shiga, ga ruwan zafin nan yana ƙara zuƙe mutum. Ina fitowa daga wanka sai in ga gari yana juyawa.

A kwanakin ne Gwaggo ta fara azumi. Da ma tana yin na Litinin da Alhamis, ban kawo komai ba. Sai na lura kwanon tuwonta na rana kullum a gabana yake ƙarewa.

Yaya Kulu ma ta lura. “Gwaggo, yau fa Talata ce.”

“Ramuwa nake.”

“Jiya ma ramuwa, shekaranjiya ma ramuwa. Ke kuwa Gwaggo, a ƙuruciyarki kin taɓa yin azumin watan ma kuwa?”

“Ja can, mara kunya,” in ji Gwaggo, tana hura wuta. Da magariba Yaya Kulu ta aiko mata da kwaɗon rama a murfin kwano, ta ce wanda bai sayu ba ne. Na san ƙarya take, nata ba ya kwantai.

Mun yi wajen sati biyu da haƙa ramin, wata safiya bayan wanka Yaya Kulu ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta ce, “Gwaggo, zo ki ga wani abu.” Ba dariya a muryarta. Na bi su da jaririya a kafaɗa.

Ta janye tabarmar yara daga jikin bangon baya. Daga ƙasa har gwiwa bangon ya yi baƙi, yana naso.

“Taɓa nan.”

Gwaggo ta taɓa. Yatsanta ya shiga kaɗan. Ta ce, “Damina ce. Kowane bango haka yake yanzu.”

“To, Gwaggo, daminar Allah da ɗumi take zuwa? Sunsuna hannunki. Yaushe aka fara ruwan sama mai ƙamshin darbejiya?”

Gwaggo ba ta sunsuna ba. Ta goge hannun a zaninta.

Yaya Kulu ta sassauta murya. “Ni ban ce a daina ba. Sau uku na yi wankan nan, na san abin da ake tsoro. Amma a mai da shi sau ɗaya mana a rana, ko bangon ya samu ya sha iska. Nan yarana suke kwana.”

“Sau biyu ne.”

“Gwaggo.”

“Kulu, na taɓa binne wadda aka yi wa sau ɗaya. Ki nemi wani abin a wurina, ban da wannan.”

Daga ranar kowa a gidan ya san abin da ake ciki. Arba'in da saura, bango kuma yana sha safe da yamma.

Maza suka fara gwada tasu dabarar. Malam da mijin Yaya Kulu suka cike ramin da tsakuwa, suka ja wata 'yar hanya daga makewayi ta bi ta bayan gida. Ta ɓulle a ƙofar wani mai gyaran keke, matarsa ta fito ta toshe da ƙasa. Suka juya ta gabas, ta ɓulle inda wasu suke girki. Duk inda aka nuna wa ruwa a unguwar nan ƙofar wani ce. Suka haƙura, suka samo wani gungume suka tokare bangon ta ciki, suka yi masa sabon yaɓe ta waje. Ruwan yamma ya wanke yaɓen.

Sai mata suka karɓa. Aka aro babban daro, aka ce in riƙa zama a ciki, ruwan da ya taru a kwashe a bokiti a kai kududdufin bayan unguwa. Ruwan da Malam ya shigo da shi a kafaɗa da asuba, shi mata za su fitar a ka da hantsi. Matan gidan suka raba sawu a tsakaninsu ba tare da an roƙe su ba, kuma wadda ta fi kowa ɗauka ita ce Yaya Kulu. Tana tafe a lungu a karkace, bokiti yana tururi a kanta, tana cewa, “A ba ni hanya, shayin maijego ne, ba na sayarwa ba.” Sai dai wankan ganye ba a yin sa cikin daro ya tsaya cikin daro. Kowace fyaɗa rabinta a ƙasa take sauka. Baƙin bangon ya daina sauri, amma bai daina hawa ba.

Wata rana da muke mu biyu a ɗaki na yi ƙarfin hali na ce, “Gwaggo, a makaranta an ce mana ruwa mai ɗumi ma ya isa. Ko bokiti ɗaya ne. Ni lafiyata ƙalau.”

Tana tsefe kanta, ba ta ɗago ba. “Malamar taku ta haihu?”

“Namiji ne.”

“To.”

Gaskiyar ita ce ni ma tsoron nake ji. Kowace safiya sai na danna ƙafata da yatsa in ga ko ta kumbura, in na fita kuma idona ya kai kan bangon. A sujada duka biyun nake roƙa wa, ban san wanda zan sa a gaba ba.

Kwanakin baya, bayan duk shekarun nan, na bi ta Gindin Dutse a adaidaita. Gidajen bulo ne yanzu, masu get, an ja kwalbati gefe da gefe, ban ma gane inda lungunmu yake ba. Sai da muka zaga bayan duwatsun na hango irin ɗakunanmu, da tayar mota a kan kwano, da buhu a ƙofar makewayi. Sun matsa ne kawai.

A waccan daminar, saura kamar kwana goma a cika arba'in aka shiga wani ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Tufafi suka yi wari, gishiri ya narke a kwalba, ashana ta daina kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Masu ice suka daina fitowa, wanda ya fito kuma icensa kamar an tsamo shi a rijiya. Gwaggo ta ƙona tsohuwar tabarma, ta ƙona kwandon da ya fashe, ta ƙona wata kujerar tsugunno mai ƙafa uku. Wata yamma ruwan ya ƙi tafasa sam, ya tsaya a ɗumi. Gwaggo ta yi mini da shi haka. Bayan nan ta daɗe zaune a gaban murhu tana kallon toka.

Washegari da hantsi ta shiga makewayi ta fito, ta tsaya a tsakar gida cikin yayyafi ta ce, “Kulu, fito da yaran nan. Fito da kayanki ma, a kai ɗakinmu.”

“Lafiya?”

“Ki fito da su dai.”

Yaya Kulu ta dube ta, ta shiga ta fito da yaran. Muka yi ta jida, akwati da kwanuka da buhun tsummokara da 'yar rediyon mijinta. Ɗakinmu ya cika har ba wurin shimfiɗa sallaya sai an ɗaga wani abu. Bayan azahar, muna zaune a cunkushe yara suna wasa da yatsun jaririya, muka ji wani sauti mara ƙarfi, kamar an sauke buhun hatsi daga kan jaki. Sai kwano ya biyo baya da ƙara. Muka fito. Bangon ya zauna, ya cika makewayi da rabin ɗakin, rufin ya karye a tsakiya ya rufta daidai inda tabarmar yara take a da.

Aka yi ta salati. Yaya Kulu ta ƙirga 'ya'yanta da hannu, ta dafa kan kowanne, ko da yake a gabanta suke. Ba ta yi kuka ba. A satin nan bango da yawa sun faɗi a Gindin Dutse, har a gidajen da ba a yi haihuwa ba. Mutane da suka zo jaje suka ce marka ce, Allah Ya kiyaye gaba. Yaya Kulu ta ce amin. Gwaggo ma ta ce amin. Ba wadda ta ƙara komai a kai, a ranar ko bayanta.

Ba a gini a marka, tubali ba zai bushe ba. Maza suka koma kwana a rumfar masallaci, mu mata da yara muka haɗu a ɗaki ɗaya. Aka kewaye wani lungu da buhuna ya zama makewayi. Yanzu ba bangon da za a ji wa tsoro, sai dai ba ice. Kwana biyu Gwaggo tana yawo a unguwa tana tsintar abin da zai ci wuta, tana dawowa da bawon rake da guntayen kwali. Ita da Yaya Kulu suna gaisawa, suna miƙa wa juna abu, amma wasan ya tsaya.

A kwana na uku Yaya Kulu ta ce za ta kwashe yara ta tafi gida Buji, wurin surukanta, kafin a ɗauke ruwa. Mijinta ya samo musu wuri a wata motar ɗaukar kaya. Da safen tafiyar ta gama ɗaure kayanta, sai ta ɗaura ɗamara ta hau kan ɓaraguzan ɗakin ta fara jawo sandunan rufi. Na darbejiya ne, masu kauri, sun yi shekaru suna shan hayaƙi, bayansu ne kawai ya jiƙe.

Mijinta ya ce, “Ke, me za ki yi da su? Da su za a sake rufi.”

“Waɗanda suka karye nake ɗauka.”

“Wannan ai bai karye ba.”

Ta ɗora shi a kan dutse ta taka da ƙafa har ya ce ƙas. “Ya karye.”

Ta jawo su ɗaya bayan ɗaya ta zube a gaban murhu. Gwaggo tana tsugune a wurin, ta ɗago ta dube ta.

“Ga shi, Gwaggo. Ki ƙarasa mata.”

“Kulu, ba zan iya ƙona ɗakinki ba.”

“Ɗakin ya riga ya tafi. In wankan ma ya tafi, asara biyu ke nan. A yi ɗaya.”

Ta ɗauki ƙaraminta ta goya, ta leƙo ɗaki ta ce mini, “Maijego, a cije. Saura kaɗan.” Suka bi lungu a jere, a karkace, da kaya a ka.

Sandunan nan su suka kai mu arba'in. Wutarsu mai kyau ce, ba hayaƙi, ruwa yana tafasa tun kafin a gama jiran makewayi. Gwaggo tana faskara su da kanta, ba ta bari kowa ya ɗauki ko tsinke ya dafa abinci. Ba a rage ko ɗaya ba, safe da yamma, har ranar ƙarshe. A ranar ta duba ƙafafuna da fuskata, ta danna nan ta danna can, ta ce Alhamdu lillahi, ta kifar da duron.

Mai jego in ta yi arba'in yawon gaishe da dangi take fita, a ga jariri a sa masa albarka. Mu danginmu suna Miga, hanya kuma ba ta buɗe sosai ba. Na zaci za a bar shi. Sai Gwaggo ta ce in yi kitso in sa kayan suna, Buji za mu.

Mun isa da rana tsaka, an fara samun rana a lokacin, gero ya yi kai a gonaki. Muka tarar da Yaya Kulu a tsakar gidan surukanta tana surfe. Ta ajiye taɓarya ta yi guɗa, ta karɓi yarinyar daga bayana ta ɗaga ta sama tana juya ta.

“To, ke ce. Ke ce kika cinye mini ɗaki sukutum, ko ƙiba ba ki yi ba.”

Gwaggo ta yi dariya, ta farko tun ranar da bangon ya zauna. Daga dariyar sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta daɗe a haka.

“Haba, Gwaggo, bari mana,” in ji Yaya Kulu. “Wa ya ce in fito da yaran daga ɗakin?” Ta juyo wurina. “An cika?”

Na ce an cika.

“To, madalla.”

Ta gasa mana tumun sabon gero, muka ci har muka bari. Da za mu tafi na tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce sai an ɗauke ruwa. Aka ɗauke ruwa, aka yi kaka, mijinta ya cire kwanonsa ya bi ta. Kafin wata damina wasu mutane sun zo daga wani gari da tabarmi da tukwane, suka kwaɓa tsohuwar ƙasar suka tayar da ɗaki a wurin, bangonsa na baya a jikin makewayi.